Filash ya nuna wayam alhali a cike yake: yadda za ka karanta abin da ke ciki da umarnin dir

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai ɗaukar hoto a Argungu. Ya ce:

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar hoto a wurin biki da suna da saukar karatu. Ina da filash mai giga 32 da nake tara aikin mutane a kai. Shekaranjiya na kai shi wani shagon kwamfuta a wanke mini hotuna, da na dawo gida na sa shi a laftof sai na ga babu komai sai wani abu guda mai 'yar kibiya a jikinsa. Amma kwamfuta tana cewa giga 9 kaɗai ya rage. Yaron shagon ya ce in kawo ya yi mini fomat. Abokina kuma ya ce akwai wata baƙar taga da ake rubuta umarni a ga komai. Yaya ake yi? In Allah ya sa hotunan sun dawo, ina so kuma in fitar da jerin sunayen abin da ke kan filash ɗin da na babban faifan ajiyata, don in riƙa sanin inda aikin kowa yake."

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun kafin mu je ga baƙar taga, riƙe abu uku: kada ka bari kowa ya yi wa filash ɗin nan fomat, kada ka danna abin nan mai kibiya, kada kuma ka ɗora sabon hoto ko ɗaya a kansa sai mun gama dubawa. Daga bayaninka ina kyautata zaton aikinka yana nan lafiya lau. Filash da aka rubuta wa giga 32 ba ya wuce 29.8 a lissafin Windows, domin kamfani yana ƙirga giga ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, ita kuma Windows tana ƙirga shi a 1,073,741,824. In 9 ya rage, ke nan akwai kaya na kusan giga 20 zaune a ciki. Ruwa ba ya tsami banza, wani abu ne ya cinye wannan fili, kuma mai yiwuwa hotunanka ne.

Ka san yadda ake ajiyar shinkafa shanshera a sito bayan an kwaso ta daga fadama. Buhuna suna ciki jibge, mai sito kuma yana da littafi: sunan mai kaya, buhu nawa, ranar da aka kawo, da kusurwar da aka jera su. Faifan kwamfuta haka yake. Hoton kansa buhu ne da ke cikin sito. Abin da muke kira folda shi ne littafin, kowane layi a cikinsa yana ɗauke da sunan fayil, girmansa, kwanan wata, inda yake kwance a faifai, da wasu 'yan alamomi a gefe. Biyu daga cikin alamomin nan su ne suka shafe ka: H, wato a ɓoye wannan, da S, wato wannan na tsarin kwamfuta ne. Tagar da ka saba buɗewa da linzami kamar yaron sito ce da ke karanto maka littafin, an kuma hore shi ya tsallake duk layin da ke da waɗannan alamomi. Ko ka je ka zaɓi a nuna ɓoyayyun fayiloli, wanda ke ɗauke da H da S a haɗe ba zai fito ba sai ka sake kashe wani zaɓi na daban can ciki. Bairos ɗin da ke yawo a shagunan kwamfuta ya san da wannan. Abin da yake yi shi ne ya manna wa foldodinka alamomin biyu, ya ajiye shotkat, wato ɗan fayil mai kibiya da ke buɗe wani abu daban, a madadinsu, ranar da ka danna shi kuma ya shige kwamfutarka. Umarnin dir shi ne ka karɓi littafin a hannun yaro ka karanta da idonka. Abin da ya sa nake fara koya wa kowa shi kafin kowane umarni shi ne karatu kawai yake yi, ba ya goge komai, ba ya canza komai, ko sau ɗari ka rubuta shi ba daidai ba.

Sa filash ɗin, ka buɗe This PC ka ga harafin da aka ba shi. Zan ɗauka E ne. Naka yana iya zama D ko F, kuma harafin yana canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, don haka kullum sai ka duba. Sannan ka danne maɓalli mai tambarin Windows ka haɗa da R, ka rubuta cmd, ka buga Enter. Baƙar taga za ta buɗe da layi mai kama da `C:\Users\sunanka>` da ɗan layi yana ƙiftawa yana jiranka. Ka kula da farkon layin. In ka ga PS a gabansa, PowerShell ka buɗe, wata tagar umarni ce daban, abin da ya zama ruwan dare a Windows 11 in mutum ya bi ta Terminal. Can ma akwai dir, amma wani umarni ne daban ya ari sunan, kuma da yawa daga cikin abin da zan rubuta a ƙasa jan rubutu za su riƙa ba ka. Rubuta cmd a nan cikin tagar ka buga Enter, PS ɗin zai ɓace.

Yanzu rubuta:

`dir E:\`

Wato dir, tazara, harafin E, ruwa biyu, sai karkataccen layin da ya jingina baya. Layin nan na ƙarshe yana nufin tushen faifai, ƙofar sito ke nan. Karkatattun layuka biyu ne a madannai kuma mutane suna yawan rikita su. Mai jingina baya na hanyar folda ne, mai jingina gaba na zaɓin da ake ƙara wa umarni ne. Tarihi ne ya jawo haka. Umarnin DIR ya girmi Windows nesa ba kusa ba: yana cikin tsohon tsarin kwamfuta CP/M na Gary Kildall tun shekarun 1970, ya shiga tsarin da Tim Paterson ya rubuta a 1980 wanda Microsoft ta saya ya zama DOS na kwamfutar IBM a 1981. A lokacin babu folda ma sam, duk fayiloli a fili ɗaya suke. Da aka kawo folda a DOS 2.0 a 1983, an riga an ba layi mai jingina gaba aikin zaɓi, sai aka ɗauko ɗan'uwansa aka ba shi aikin hanya. Haka nan A da B na faifan fulofi ne na da, shi ya sa faifan cikin kwamfutarka ya fara daga C.

Abin da zai fito zai yi kama da wannan:

`Volume in drive E is ARGUNGU`
`Volume Serial Number is 3C5A-91F2`
`Directory of E:\`

Layin farko sunan da aka raɗa wa faifan ne, ka tabbata naka ne ba wani ba. Layi na biyu mutane ba sa kula shi, amma yana da amfani: lamba ce da ake ba faifai a lokacin fomat, kuma duk sanda aka sake fomat sai ta canza. Rubuta ta a bayan littafin rasiɗinka. Ranar da ka ba wani filash ya dawo maka da shi wayam yana rantsuwa bai taɓa komai ba, wannan lamba za ta raba gardama.

A ƙarƙashinsu jerin kaya ne, kowane layi da kwanan wata, lokaci, girma da suna. Wanda aka rubuta wa `<DIR>` a tsakiya folda ce, kuma dir ba ya faɗin girman folda a layinta. Layuka biyun ƙarshe jimla ce: fayil nawa da girmansu, folda nawa da filin da ya rage. Girman duk a bait yake, lambobi dogaye masu tsoratarwa. Ƙirga waƙafi kawai. Waƙafi ɗaya kilobait, biyu megabait, uku gigabait. Lamba kamar 9,663,676,416 tana da waƙafi uku, giga tara ke nan da ɗoriya. Kwanan wata kuma yana bin yankin da aka saita kwamfutar a kai. Laftof da yawa da ake shigowa da su na hannu suna nan da saitin Amurka, wata ne a gaba sannan rana, sai mutum ya ga 03/04 ya ɗauka uku ga Afrilu alhali huɗu ga Maris ne.

A filash ɗinka wannan umarni na farko ba zai nuna maka komai ba sai fayil guda mai ƙarewa da `.lnk`, shotkat ɗin nan ke nan da sunansa na gaskiya. Dalili kuwa dir ma, in ba ka ce masa komai ba, yana tsallake ɓoyayyu kamar yadda taga ke yi. Ga wanda muke nema:

`dir /a E:\`

Wannan `/a` ɗin shi ne duk sirrin, ma'anarsa karanto kowane layi ko wace alama ke jikinsa. In zatona ya yi daidai, za ka ga foldodinka sun jeru da sunayen da ka ba su. Wani nau'in bairos ɗin kuma yakan kwashe komai ya zuba cikin folda guda marar suna, sai ka ga layi mai `<DIR>` amma gurbin sunan fari fat. Kada wannan ya ɗaga maka hankali, kayanka suna cikinta. Za ka kuma ga abubuwan da ba ka san da su ba. System Volume Information ta Windows ce. A babban faifai za ka ga `$RECYCLE.BIN`, kwandon shara ne. `LOST.DIR` wayar Android ce ke ajiye ta, masu farawa da ɗigo kamar `.Trashes` kuma kwamfutar Mac ce. Duk waɗannan ka bar su. Wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne fayil mai ƙarewa da `.vbs` ko `.js` ko `.exe` da kai ba ka ɗora ba, da `autorun.inf`.

Ganin sunan folda bai isa ba, sai mun auna kayan da ke ciki:

`dir /a /s E:\`

Zaɓin `/s` yana shiga kowace folda da 'ya'yanta da jikokinta. Rubutu zai yi ta gudu a allo, bar shi ya gama, in kuma ka gaji ka danna Ctrl da C ya tsaya. Abin da muke so yana can ƙasa, bayan layin da aka rubuta Total Files Listed: adadin fayiloli duka da jimlar girmansu. Ka ɗauki wannan jimla ka gwada da giga 20 ɗin da muka lissafa.

In sun yi kusa da juna, alhamdu lillahi, ɓoyewa ce kawai, babu abin da ya salwanta. Maganinta layi ɗaya ne:

`attrib -h -s -r E:\*.* /s /d`

Wannan kam yana rubutu a faifai, don haka ka duba harafin sau biyu kafin ka buga Enter. Kada ka kuskura ka sa C, za ka tone fayilolin Windows da aka ɓoye da gangan. Abin da yake yi shi ne cire alamomin nan daga kowane fayil da kowace folda. In kaya suna da yawa zai yi shiru na ɗan lokaci, ka yi haƙuri har layin jira ya dawo. In ya yi ƙorafi a kan System Volume Information, rabu da shi. Da foldodin sun bayyana, abu na farko shi ne ka kwafe su zuwa laftof, kwasar foldodin hotuna kaɗai, ban da shotkat da baƙin fayilolin nan. In ka ga sun bayyana kuma bayan daƙiƙoƙi sun sake ɓacewa, to bairos ɗin ya riga ya zauna a laftof ɗinka yana sake manna alamomin, sai ka fara sa Microsoft Defender, maganin bairos na Windows, ya yi cikakken bincike ko ka nemi wata kwamfuta mai tsabta. Wajen goge shotkat ɗin kuma ga wata ɗabi'a da nake so ka ɗauka har abada: duk abin da za ka ba umarnin del, fara ba dir shi. Rubuta `dir /a E:\*.lnk` ka ga abin da ya fito. In su ne kaɗai abin da kake son gogewa, sannan ka maye gurbin dir da del. Abin da del ya goge ba ya biyawa ta kwandon shara.

In kuma jimlar ta fito 'yar kaɗan alhali fili a cinye yake, ko ka ga sunaye na shirme masu baƙaƙen alamomi, da girma na hauka, da shekaru irin 1980 ko 2107, to littafin sito ne ya yage. Tsarin FAT da yawancin filash ke amfani da shi ba ya iya rubuta shekarar da ta gaza 1980 ko ta haura 2107, shi ya sa tarkace ke fitowa da irin waɗannan shekaru. Abin da ya fi jawo wannan a wurinmu shi ne a ɗauke wuta ana tsakar kwafi a kwamfutar tebur da ba ta da batirin riƙo, ko a fizge filash ba a sallame shi ta zaɓin Eject ba. Filash na jabu ma haka yake yi: an rubuta masa giga 64 ko 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, sunaye suna shiga littafi amma buhunan suna hawa kan juna. Mutane da yawa za su ce maka ka yi chkdsk. Ni ba na fara da shi a kan kayan da ba ni da kwafinsu, domin gyaran littafi yake yi da ƙarfi, gutsattsarin da bai gane ba kuma ya tattara su a folda mai suna FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK. Fara tsamo hotunan da manhajar ceto, gyara ya biyo baya.

Hali na uku shi ne dir ya ce File Not Found kuma fili duk a buɗe. An goge ke nan ko an yi fomat. Ko a nan ba a fid da rai. Goge fayil a FAT soke layinsa ne a littafi, ana canza harafin farko na sunan da wata alama, buhun yana nan inda yake har sai an kawo sabon kaya an ɗora a gurbinsa. Fomat na gaggawa ma sabon littafi kawai yake buɗewa. Amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana bin faifai yana rubuta sifili, bayansa babu abin da ake samu. Wannan ne ya sa na hana ka ɗora sabon abu.

Abin da ya sa maganar fomat ɗin nan take taɓa ni, na ga abin da take jawowa. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa shagona a Birnin Kebbi da filash a ƙulle a bakin mayafinta, aikinta na kammala karatu ne a ciki, saura kwanaki ta miƙa. Irin matsalarka ce ta same ta, wani shago kuma ya riga ya yi mata fomat da sunan taimako. Allah ya sa na gaggawa ne. Na sa PhotoRec, manhaja ce ta kyauta da ke bin faifai tana tsinto fayiloli ba tare da littafi ba, ta kuma tsinto su. Sai dai da yake sunaye a littafin suke, duk sun dawo da lambobi, harafin f da dogon adadi, babu folda babu tsari, tsofaffin kwafi a cakuɗe da sababbi. Ta zauna a benci tun bayan azahar har aka kira magariba tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana neman babi na huɗu na ƙarshe da malaminta ya gyara. Ta same shi, amma da wanda ya fara karɓar filash ɗin ya rubuta `dir /a`, da a cikin minti biyu an sallame ta da komai a wurinsa.

In dir ya ce The device is not ready, sau da yawa ƙura ce ko bakin USB da ya saki, gwada wani baki. In Windows da kanta ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da faifan, ka ce a'a ka koma ga manhajar ceto.

Sai maganar jerin da kake so, wadda a ganina ita ce za ta fi yi maka amfani a sana'a. Duk abin da dir ya nuna a allo ana iya juya shi ya zuba cikin fayil da alamar `>`. Amma kafin nan rubuta wannan sau ɗaya a tagar:

`chcp 65001`

Dalilinsa namu ne na Hausa. Baƙar taga tana amfani da tsohon jadawalin haruffa da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. In kana da folda mai suna Bikin Ɗanjuma ko Ƙauyen Gulma, a jerin da ka fitar haruffan masu ƙugiya za su lalace, galibi su koma alamar tambaya. Wannan umarni yana mayar da tagar kan UTF-8, jadawalin da ya san haruffanmu, sai sunayen su fito daidai. Sannan:

`dir /s /b /a-d E:\ > jerin-filash.txt`

Zaɓin `/b` yana zubar da kwanan wata da girma ya bar cikakkiyar hanyar kowane fayil a layi guda, `/a-d` kuma yana cewa fayiloli kaɗai ban da foldodi. Ba za ka ga komai a allo ba, ya tafi cikin fayil. Da yake tagar tana tsaye a `C:\Users\sunanka`, a nan jerin zai sauka, ba a kan filash ba, kuma da gangan na bi da kai ta haka. Rubuta `notepad jerin-filash.txt` ka buɗe shi. Ka sani alamar `>` guda tana share abin da ke cikin fayil mai wannan suna ta rubuta sabo ba tare da ta tambaye ka ba, biyu a jere `>>` kuma ƙari take yi a ƙasa.

Ba na ba ka shawarar buga wannan a takarda. Giga 20 na hotunan kyamara dubban layuka ne, za ka ƙarar da rim ɗin takarda a kan IMG_0001 da IMG_0002, sunayen da ba sa gaya maka komai. Abin da ya cancanci takarda shi ne sunayen foldodi. `dir /s /b /ad F:\ > foldodi.txt` zai ba ka su kaɗai, in F ne babban faifanka. In kana so ka ga wace ke cikin wace kamar rassan bishiya, `tree F:\ /a > bishiya.txt` ya fi kyan gani. Cikakken jerin kuwa bar shi a laftof, ka yi wa kowane faifai nasa da sunan faifan. Ranar da wata Hajiya ta kira tana neman hotunan bikin 'yarta da ka ɗauka a Kamba shekara biyu da suka wuce, ba sai ka jona faifai uku ɗaya bayan ɗaya ba:

`findstr /i "kamba" jerin*.txt`

Zai fito maka da kowane layi mai wannan kalma tare da sunan jerin da ya same shi a ciki, ka san faifan da za ka ɗauko daga akwati. In faifan yana jone, `dir /s /b F:\*kamba*` ma ya wadatar. Tauraro yana nufin ko mene ne a wannan gurbi, kuma dir bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba. Suna mai tazara a ciki sai an sa shi tsakanin alamar zancen wani, kamar `dir "F:\Saukar Karatu Gwandu"`, in ba haka ba ya ɗauka abu uku ka tambaye shi. Duk wannan ba zai yi aiki ba in foldodinka New folder ne da New folder 2. Ka riƙa fara sunan da shekara, wata, rana, sannan gari da irin taron: 2024-03-14 Kamba biki. Jeri bisa suna sai ya zama jeri bisa lokaci da kansa.

Na faɗi haka ne don kwanan watan da dir ke nunawa ba abin jingina ba ne sosai ga mai hoto. Ranar da aka taɓa fayil ta ƙarshe yake nunawa, wadda a hoton da ba a gyara ba ta fito ne daga agogon kyamara, agogon da kan koma baya in batiri ya daɗe a cire. In ka ce ya nuna ranar ƙirƙira da `/tc`, ranar da ka kwafo shi zuwa wannan faifan za ka gani. Duk da haka `/o-d` yana jera sababbi a sama, `/o-s` kuma manya a sama, mai amfani in fili ya ƙare kana neman bidiyon da ya cinye shi. Sai dai in ka haɗa su da `/s`, jerawar a cikin kowace folda take, ba ta faifan gaba ɗaya ba. `/p` yana tsayawa shafi-shafi, `dir /?` kuma yana karanto maka sauran zaɓin duka. In wata rana ka zauna gaban Mac ko Linux, sunan umarnin ls ne, wanda ke cikin Unix tun 1971. A Mac `ls -la /Volumes/ARGUNGU` shi ne kwatankwacin `dir /a E:\`, don can ba a ba faifai harafi, da sunansa ake kiransa.

Bayan ka kwashe hotunan, ka buɗe kaɗan daga kowace folda ka ga suna buɗewa, ka kuma gwada jimlar `dir /a /s` ta kwafin da ta asali, to a lokacin fomat ya halatta, shi ne ma hanya mafi tsabta ta wanke filash ɗin. In kana ɗora bidiyon biki zaɓi tsarin exFAT a wurin fomat ɗin, domin tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4 ko da fili ya yi yawa. Sai dai wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suke karantawa, ka yi la'akari da inda masu bikin za su kalla. Shagon wanke hoto kuma ka daina kai masa filash ɗin ajiya. Sayi ƙarami na aike, ka ɗora abin da za a wanke ranar kawai. Ko ka kai a katin SD ka tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa, yawancin na'urorin karanta kati za su hana a rubuta komai a kansa.

In jimlar da ka samu ba ta yi kusa da giga 20 ba, kada ka gwada attrib ko chkdsk. Cire filash ɗin ta hanyar sallama, ka ɗauki hoton layukan farko uku da na ƙarshe uku na `dir /a /s E:\` da wayarka ka turo mini, in ga wane hali muke ciki kafin ka sake jona shi.